Ƙwanƙwasar da Ke Ƙarƙashin Kiɗa

"Ba zan zuba ba, Mak Dang."

Ni kaina sai da maganar ta fita daga bakina na san na faɗe ta. Mak Dang, babban wan mahaifiyata, yana tsaye a bakin gareji da galan ɗin baƙin mai a hannu, irin mai kaurin nan kamar zuma. Ya miƙo min shi ke nan. Hannunsa bai sauka ba.

"Me kika ce, Neli?"

"Na ce ba zan zuba ba. Man nan ba ya gyara inji, toshe masa baki kawai yake yi."

Masu karatu, wanda ya san gidajenmu na Padang ya san abin da na aikata. Ko uwarka kana iya yi wa musu ka kwana lafiya, amma ban da wanta. Shi ke nemo wa 'yar ƙanwarsa miji, shi ke zama a gaba ranar magana, shi ke duba filin dangi, don a wurinmu gida na mata ne, miji ne ke tarewa a gidan matarsa. Ni kuwa na ce masa a'a a gaban mutane, da baƙin mai har gwiwar hannu.

Bari in koma baya kaɗan, don waɗanda yau suka fara karanta ni.

Sunana Rosnelli, shekarata ashirin da biyar. Shekara uku na yi ina karatun injin mota har na karɓi difloma, amma kunnen da nake aiki da shi ba a makaranta na same shi ba. Marigayi mahaifina ne ya ba ni, a wannan garejin da ya gina a filin su Amak, wato mahaifiyata, haka muke kiran uwa a nan. Maza uku sun zo neman aurena, duka ukun suka kalli farcena suka ce sai na bar gareji. Na huɗun shi ne Uda Wandi, mai angkot, wato ƙaramar motar haya ta cikin gari. Shi bai taɓa cewa in bari ba. Yakan ma zo da rana ya kawo min shayi da ƙwai, ya tsuguna ya haska min tocila ina ƙarƙashin motar wani, yana ba ni labarin fasinjoji. Ba zan ɓoye muku ba, ina son sa. Wata biyu da suka wuce manya suka yi musayar alama: mu muka ba su zanen songket na kakata mai zaren zinare, su suka ba mu zobe. Saura sa rana, kuma an shirya za a sa ta ranar Lahadi a garin Solok da ke bayan dutse, a gaban kakarsa.

Ranar Alhamis da hantsi na ji zuwansa tun yana kwanar masallaci. Ba ƙarar inji na ji ba, kiɗa ne. Motarsa ja ce, ya sa mata suna Gimbiya, ya sauke ta ƙasa har cikinta na neman shafar kwalta, ya cika bayanta da lasifika shida da fitilu masu canza launi. Da ya tsaya, sifanonin da ke rataye a bango sai da suka yi rawa.

"Injiniya," ya leƙo ta taga yana murmushi, "Gimbiya na kaɗa ƙararrawa a ƙasa. Salansa ce. Ɗaure min ita, minti goma."

"Kashe kiɗan, Uda."

"Na rage."

"Ban ce ka rage ba."

Ya yi dariya, ya shiga lalube. Wallahi sai da ya nemi makunnin. Ya ce rabon da ya tuƙa ta shiru tun ranar da ya sayo ta, shekara biyu ke nan. Ban ga laifinsa ba. A garin nan ɗan makaranta ba ya shiga angkot ɗin da ba ta girgiza masa ƙirji. In ka zo shiru sai su ce motar kai gawa ce, su jira ta bayanka.

Na shiga ƙasa. Gaskiyarsa ne, wani farantin ƙarfe da ke kare zafin salansa ya kwance, yana ta kacau-kacau. Na ɗaure shi da noti biyu. Da a nan na tsaya, da yanzu ana ɗinka min kayan biki.

Amma da ƙarar farantin ta ɗauke, sai na ji wata a ƙarƙashinta. Ba ta da kaifi. Can ciki take, kamar mutum na buga ƙofar katako da dunƙulen hannu a hankali. Duk, duk, duk.

Na fito na ɗaga kujerar gaba, don injin irin waɗannan motocin a nan yake. Na ɗauko dogon sukundireban mahaifina mai mariƙin itace, na ɗora bakinsa a jikin inji, na manna mariƙin a kunnena. Haka ya koya min tun ina firamare. Yakan ce ƙarar sama mai sauri, kamar keken ɗinki, ba ta hana mutum barci. Ƙarar da ke zuwa da sanyin safiya ta tafi in inji ya ɗumama, ita ma a yi mata haƙuri. Wadda ake tsoro ita ce ta ƙasa, mai nauyi, wadda ke ƙaruwa in mai ya yi zafi ya tsinke.

Na bi injin daga sama zuwa ƙasa. A sama shiru. Da na kai sukundireban kusa da kaskon mai, sai ƙarar ta shigo min har haƙora.

"Taka totur kaɗan. Saki. Sake takawa."

"Me kike ji ne?"

"Yi shiru, Uda."

Na fara zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya. Na farko, ƙara na nan. Na biyu, tana nan. Da na zare na uku sai ta yi ƙasa kamar an rufe mata baki. Na mayar, ta dawo. Metal ne, 'yan siraran ƙarafan da ke tsakanin sandar fistin da karanshaf. Na fistin na uku ya cinye, sandar na dukan ƙarfe tsirara.

"Fitilar mai ba ta taɓa kama maka ba?"

"Wace fitila?"

Na duba gaban direba. Ya kafa wani allon kallon bidiyo daidai kan wurin. Na kwance shi, sai ga jar fitilar tana ƙifta ido. Allah kaɗai ya san watannin da ta yi tana ƙiftawa a bayan allon nan.

Yanzu ga inda nawa laifin yake, kuma zan faɗe shi, don ban fara rubutun nan don in wanke kaina ba. Na ari farin faranti a rumfar shayin da ke tsallaken titi, na tsiyayi man injin kaɗan a ciki. Da na so, da na kira shi ciki na nuna masa mu biyu. Sai na fito da farantin tsakiyar rana, na karkata shi, a gaban direbobi biyu abokansa da ke shan shayi. Man yana ta ƙyalli da garin ƙarfe, sak zaren zinaren zanen kakata.

"Ka ga injinka nan, Uda, yana narkewa. Shekara biyu yana kiranka, kai kana sauraron ganga."

Na ji daɗin faɗin haka. Na ji daɗin a ga na sani. Wannan shi ne gaskiya.

Ɗaya daga cikin direbobin ya ajiye kofi. "Wandi, tun ba ka tare a gidansu ba ta fara karanta maka darasi?"

"Bar shi," in ji ɗayan, "ai ya huta. Ita ta yi gyara, shi ya yi goyo."

Uda Wandi ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. Ya matso ya rage murya. "Lahadi fa zan ɗauki manya zuwa Solok. Mutum goma sha biyu, har da Amak ɗinki. Na riga na gaya wa kakata a Gimbiya zan kawo mata ke."

"Sai an sauke injin. Mako guda ne, in an samu kaya."

"Neli."

"Ka ɗauki hayar wata motar."

"Ni mai mota in yi haya ranar sa ranata? Su waɗannan su ji?"

Ya koma gefe ya ɗaga waya. Kafin rabin awa sai ga Mak Dang a kan babur, da baƙar hularsa da galan a gaba. Daga nan kun san abin da na ce masa.

Mak Dang bai ɗaga murya ba, ba ya ɗagawa. Ya ajiye galan ɗin a ƙasa, ya ce in biyo shi ciki.

"Shekara guda na yi ina zirga-zirga a kan maganar nan," ya ce. "Uku sun gudu. Wannan ya yarda da ke da ƙazamin farcenki. Kwana ɗaya kawai nake nema. A zuba mai kauri, ƙara ta kwanta, a je a dawo. Litinin ki kwance ta har ƙusa ta ƙarshe, ba mai hana ki."

"Hawan dutsen Sitinjau Lauik za ta yi, Mak Dang, da mutum goma sha biyu. In inji ya kama a tsakiyar kwana, birki zai yi tauri, ga manyan motoci a baya."

"Na ga motar da ta yi wata shida tana irin wannan ƙarar."

"Ni ma na gani."

"To za ki rantse za ta tsaya ranar Lahadi?"

Ba zan iya rantsewa ba. Metal ba ya sa rana. Yana iya kai wata shida, yana iya tafiya kafin a kai gidan mai na gaba.

"Ba zan iya ba," na ce. "Kai za ka rantse ba za ta tsaya ba, da ƙanwarka a ciki?"

Sai ya miƙo min tafin hannu. "Makullin gareji."

Filin na su Amak ne, amma shi ke da ta cewa a kansa. Na ciro makullin daga aljihun rigar aikina na ba shi. Sukundireban kaɗai na ɗauka, don wannan ba na dangi ba ne.

A gida na tarar da Amak a bayan ɗaki gaban babban kasko, tana juya naman rendang da za a kai Solok. Tun asuba take kansa, madarar kwakwar ta ƙone ta koma mai, naman ya yi duhu, ƙamshi ya cika unguwa. A kan gadona kuwa ta shimfiɗa min doguwar rigar da zan sa, ruwan ganye mai aikin zare a wuya, da mayafin da ya dace da ita, da takalmin da ta aro min wurin maƙwabciya saboda nawa duk masu bakin ƙarfe ne. Labari ya riga ni isowa.

"Wanke hannu ki zo ki karɓe ni," ta ce ba ta juyo ba.

Na karɓi muciyar. Ta zauna a kan turmi tana fifita da gefen zani.

"Ni ce zan shiga motar, ba ke kaɗai ba. Na ce na yarda. Kwanana in ya ƙare, ko a kan gadon nan ne zan tafi."

"Ni ban yarda ba, Amak."

"Ubanki ma haka yake, in ya ji abu a ƙarfe sai duniya ta tsaya. Amma shi namiji ne, an bar shi da halinsa." Ta gyara itace. "Ba a ce ki yi ƙarya ba. An ce ki yi shiru."

"In ba a tambaye ni ba, zan yi shiru."

Da la'asar saƙonnin Uda Wandi suka fara shigowa.

"Kin kunyata ni yau."

Na rubuta, "Na sani. Wannan laifina ne, ka yafe min. Amma injin yana nan yadda na ce."

"An zuba min man a wani gareji. Ƙarar ta tafi. Mutumin ya ce ba komai."

"Ba ta tafi ba, Uda. An rufe ta ne."

"Ke kaɗai ke jin ta a duk Padang."

"Ka kashe kiɗa ka bar ta ta yi zafi, kai ma za ka ji."

Ya karanta. Na ga yana rubutu, ya goge, ya sake, ya goge.

Washegari bayan sallar Juma'a mahaifiyarsa, Etek Baiti, ta zo da kanta. Ta sha riga ruwan toka da awarwaro huɗu, ta kawo ayaba a leda. Aka shimfiɗa mata tabarma a falo, Amak ta kawo shayi a kofunan da ba a fitarwa sai da Sallah. Suka yi hirar tsadar barkono, suka yi ta ciwon gwiwa. Ni ina gefe na naɗe ƙafa, na ɓoye farce a cikin hannun riga. Sai ta juyo.

"Neli, 'yata, ana ta magana a tasha. Na ce bari in ji daga bakin mai ilimi. Motar ɗana lafiya take?"

Na ji idon Amak a gefen fuskata kamar garwashi. Na san tambayar ba ta mota ba ce. So take ta ji ko zan iya rufa wa ɗanta asiri in an sa ni a gaba. Kalma ɗaya ce, "lafiya", kowa ya sha shayinsa. Na buɗe baki da niyyar faɗin ta, wallahi da niyyar. Sai na tuna kwanar nan ta biyu a hawan, inda titi ke miƙewa tsaye kamar bango, na ga Amak a kujerar baya da kwanon rendang a cinya.

"A cikin gari za ta iya lallaɓawa, Etek. Amma kada ki hau dutse a cikinta. Ni ba zan hau ba, kuma ba zan so Amak ta hau ba."

Ta yi murmushi, ta ajiye kofin da ko rabi ba ta sha ba. "Allah ya ƙara ilimi," ta ce.

Ranar Asabar kawun Uda Wandi ya kawo zanen kakata a naɗe cikin farar takarda. Ya ce sun duba, sun ga yaronsu bai kai ba tukuna. Mak Dang ne ya karɓa. Amak ta shigo ɗakina ta tsaya, ban jira ta yi magana ba. Na zare zoben. Sai da na sa sabulu, don ya riga ya saba da yatsan. Rendang ɗin kuwa maƙwabta aka rarraba wa.

Kwana tara ke nan yau. Amak tana ajiye min abinci a rufe, amma ba ta yi min magana. A zauren dangi na waya an daina turo gaisuwar safe in na shiga. Wata 'yar ƙanwar Amak ta turo min hoton wani malamin makaranta wanda matarsa ta rasu, ta rubuta, "Wannan ba shi da mota."

Abin da ya fi ci min rai kuwa, Gimbiya tana nan tana aiki. Sau huɗu a rana take wucewa ta bakin layinmu, kiɗa na tashi, 'yan makaranta cike. Ba ta tsaya ba, ba ta yi hayaƙi ba. Duk wucewarta sai in tambayi kaina ko na rusa aurena ne a kan abin da zai kai shekara. Wata rana har na zauna na ce ko kunnen nawa ne ya yi ƙarya. Sai in tuna farantin nan da ƙyallinsa. Ban yi kuskure a kan injin ba. A kan farantin na yi, da na fito da shi rana.

Yau da safe ina shanya, wayata ta yi ƙara. Uda Wandi ne, saƙon murya, daƙiƙa talatin da takwas. Na goge hannu na kai kunne.

Babu kiɗa. Babu gaisuwa. Inji ne kawai yana juyawa a tsaye, ga ƙarar nan a ƙasa, ta fi ta ranar Alhamis nauyi sau biyu. Duk, duk, duk. Can ƙarshe na ji hon ɗin babbar mota, sannan muryarsa a hankali.

"Wannan ce, Injiniya?"

Na rubuta, "Ita ce. Ina kake?"

"Gindin hawan. Zan kai Amak ɗina ta yi wa kaka bayani. Na tsaya shan ruwa, sai na ce bari in kashe kiɗan."

"Kashe motar. Kada ka ƙara ko taku ɗaya. Ina zuwa."

Ya karanta. Bai amsa ba.

Na zura rigar aiki, na cusa mayafi a wuyanta, na ɗauki sukundireban mahaifina da hular kwano. A bakin ƙofa na tarar da Amak tsaye da tsintsiya. Ta kalli hular, ta kalli abin da ke hannuna, ta yi min maganar farko cikin kwana tara.

"Mutanen da suka dawo mana da zane za ki bi har kan titi? In kika je, kawunki ba zai sake taka gidan nan ba. Kuma ba zai sake nema miki kowa ba."

"Na sani, Amak."

Zobe ya tafi, gareji ya tafi, yanzu ga Mak Dang zai bi su, duk a kan ƙarar da sai yau mutum na biyu ya ji. Kuma ko na isa, ba wanda ya ce za a dawo min da ko ɗaya a ciki.

Ta matsa gefe kaɗan, daidai yadda babur zai wuce. Na tayar da shi.